Sun auna gonakinmu da tauraron ɗan'adam, to ina taswirar?

A ƴan shekarun nan da wuya ka sami ƙauye a jihohin Maraɗi, Tawa ko Damagaram da bai taɓa karɓar baƙi masu tattara bayanai ba. Motar furoje ta tsaya ƙofar maigari, samari biyu ko uku su sauko da salula a hannu, wani sa'in da wata ƴar na'ura mai kama da rediyon aljihu. Su tsaya bakin rijiya su danna, su tsaya ƙofar lakkol su danna, su bi gefen gona ko burtali suna tafe suna duba fuskar waya. Kafin la'asar sun gama, sun sha fura, sun yi sallama. Daga ranar nan shiru kake ji. Tambayi maigari ina taswirar da aka zana da wannan awo, zai ce bai taɓa ganin ta ba. Je ofishin magajin gari, sau da yawa su ma amsarsu ke nan.

Mu malaman makaranta mun san wannan aiki daga ciki, don mu ake yawan ɗauka a lokacin dogon hutu. Ana koya mana maɓallin da za mu danna da inda za mu aika, shi ke nan. Yadda na'urar ke magana da manhajar taswira, da yadda ake gane awo mai kyau da gurɓatacce, wannan ba ya cikin horon kwana biyu da ake ba mu. Ra'ayina shi ne wannan sani ya kamata ya zauna cikin ƙananan hukumominmu, a hannun malamai da sakatarorin hukumomin filaye, kuma duk awon da aka yi a ƙauye a maido wa ƙauyen taswirarsa a kan takarda. Zan faɗi dalilaina, sannan in amsa wa masu ganin akasin haka, don suna da hujjojin da ba na rainawa.

Maganar iyaka a ƙasar nan maganar rai ce. A watan Oktoban 1991, a Toda cikin yankin Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. A watan Nuwamban 2016 an sake ganin irin wannan masifa a Bangi, cikin gundumar Madawa, inda kusan mutum 20 suka rasu. Kowace kaka, kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, hankalin kowa a tashe yake. Manomi na cewa dabbobi sun shigar masa gona, makiyayi na cewa gonar ce ta shigo burtali. Sau da yawa dukansu biyu suna da gaskiya ta wani gefe, don burtalin da kakanni suka bari ana cin sa ne taku ɗaya taku biyu kowace damina, har a wayi gari garke ba ya iya wucewa sai ya taɓa hatsi.

Doka kam muna da ita. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifi hukumomin filaye na gunduma, na ƙaramar hukuma da na ƙauye, inda maigari ke jagoranci. Su ke ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo. An kuma kafa turakun siminti a gefen burtali da dama. Sai dai turke ana iya tumɓuke shi da dare a matsar da shi, takarda kuma in ta ce gonar wane ta yi iyaka da gawo ta gabas, ranar da aka sare gawon shaida ta tafi. Lambobin wuri da aka auna da kyau, aka ajiye a wurare biyu ko uku, su ba wanda zai tashi da dare ya matsar da su.

Bari in ɗan yi aikina na mushe in bayyana yadda abin yake, don yawancin tsoro da yawancin ruɗi daga rashin sani suke. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne, sun haura 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana zagaye duniya sau biyu a yini. Aikinsu shi ne shelar inda suke da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsu. Na'urar da ke hannunka saurare kawai take yi. Tana lissafin lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, ta mai da shi nisa. Tana buƙatar taurari huɗu aƙalla: uku don gane wuri, na huɗu don gyara agogonta, saboda saƙon na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake. Ba ta buƙatar rezo, ba ta cin kuɗin waya. Kafin watan Mayun 2000 Amurka na gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, har kuskure ya kai mita 100, amma an daina. Yau kuma akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, kuma sababbin na'urori na sauraren su gaba ɗaya.

Salula mai kyau, a fili babu gini babu inuwar itace, tana iya nuna wuri da kuskuren kimanin mita 5. Don sa rijiya ko makaranta a taswira, wannan ya wadatar. Amma ɗauki gona mai hekta ɗaya, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Idan gefe ɗaya kawai ya goce da mita 5, an ƙara wa mai ita ko an rage masa murabba'in mita 500. Idan duk gefuna huɗu suka goce waje, gonar ta zama murabba'in mita 12,100, wato ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan ƙarin daga gonar maƙwabci ya fito. A ce burtali mai faɗin mita 50 ne, kuskuren mita 5 ta kowane gefe ya cinye mita 10. Shi ya sa aikin iyaka yake son na'ura ta musamman, wadda ke da kunne mafi kyau fiye da na salula. Akwai masu sauko da kuskure ƙasa da mita ɗaya, akwai kuma masu kai shi ƴan santimita idan an kafa wata na'ura ta biyu a wuri sananne tana aiko musu da gyara.

To a nan ne maganar haɗawa ta shigo. Na'urar waje tana sanin inda take, amma fuskarta ƙarama ce ko ma babu. Salula ko kwamfuta kuwa tana da taswira da fom ɗin cikawa. Ana haɗa su da igiya ko ta Bluetooth. Kusan duk na'urorin nan suna magana da harshe ɗaya da ake kira NMEA 0183, wanda aka fara tsarawa don kayan jiragen ruwa. Layukan rubutu ne da na'urar ke turowa, galibi kowace daƙiƙa, ɗauke da lokaci, lambobin wuri, yawan taurarin da take ji da ingancin awon. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce tun da aka fara ta a 2002, tana karanta su a kwamfuta. Ƙanwarta ta salula, QField, tana da wurin da za ka zaɓi na'urar waje kai tsaye, kuma tana aiki ba tare da intanet ba idan ka riga ka sauke taswirar yankin. Manhajojin fom irin su KoboCollect da ODK Collect kuwa, sai an sa wata ƙaramar manhaja a tsakani, sannan a shiga saitin Android a ba ta izinin maye gurbin na'urar cikin wayar. Wanda ya iya haɗa salularsa da amsakuwa don sauraren wa'azi ko waƙa ya riga ya iya rabin aikin.

Wani zai ce me ya sa sai an haɗa? A karanta lambobin a fuskar na'ura a rubuta cikin kaye mana. Ga abin da ke faruwa idan an yi haka. Birnin Maraɗi yana wajen digiri 13 da minti 30 arewa, digiri 7 da minti 6 gabas. Minti 60 ke yin digiri ɗaya, don haka digiri 13 da minti 30 shi ne 13.5. Wanda bai sani ba zai shigar da 13.30 a kwamfuta. Bambancin 0.2 ne kacal a ido, amma digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, ke nan ya ɗauke wurin ya kai shi kilomita 22 kudu. Idan kuma mai bugawa ya juya lambobin, ya sa ta gabas a gurbin ta arewa, rijiyar da aka haƙa a Maraɗi za ta bayyana kusa da Ngaundere a ƙasar Kamaru. Ko gajarta lamba ma illa ce: lamba ta uku bayan ɗigo tana wakiltar kimanin mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya da ɗoriya. Mai ƙiwar rubutu da ya tsaya a lamba ta uku ya zubar da duk ingancin na'urar da aka saya da tsada. Idan na'ura na tura lambobinta kai tsaye cikin manhaja, hannun mutum bai shiga tsakani ba, kuma mai awo yana ganin ɗigon a kan taswira tun yana tsaye a gonar. In ya ga ɗigon ya faɗa tsakiyar tabki alhali shi yana kan tudu, nan take ya san da matsala.

Akwai wani tarko kuma da ba a faɗa wa masu awo. Lambobin taurari suna bisa ma'aunin duniya da ake kira WGS 84. Tsofaffin taswirorin zamanin Turawa an zana su bisa wani ma'auni daban, in ka ɗora sabon awo a kansu ba tare da gyara ba, iyaka za ta goce. Masu lissafin faɗin gona kuma suna aiki da tsarin UTM, wanda ya yanka duniya yanki-yanki, kowane faɗin digiri 6. Nijar ta faɗa cikin yanki uku: Yamai, Doso da Tawa suna na 31, Maraɗi, Damagaram da Agadas suna na 32, Difa na 33. Layin da ya raba na 31 da na 32 ya ratsa gabas kaɗan da garin Madawa, ke nan ma'aikacin gunduma ɗaya zai iya yin awo a yanki biyu cikin yini ɗaya. Idan bai rubuta yankin da ya yi aiki da shi ba, wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyar sai dai ya yi ta canki-canki.

Dole kuma a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ƙofar da ake buɗewa a Android don na'urar waje ta shigo, ita ce dai ƙofar da maƙaryaci ke bi. Akwai manhajojin da ke sa waya ta ce tana ƙauye kaza alhali mai ita yana zaune majalisar shayi a birni. Shugaban aikin da bai san wannan ba zai karɓi ɗigo ɗari na ƙarya ya sa hannu. Wanda ya sani zai duba lokacin da aka ɗauki kowane ɗigo, da ingancin da na'ura ta rubuta, da sawun hanyar da mai awo ya bi, ya ga ko mutum zai iya taka wannan tazara cikin wannan lokaci. Wannan ma dalili ne na cewa sanin ya kamata ya sauko kusa da inda ake awon.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun nuna abin da wannan aiki ke iya yi idan an ɗauke shi da gaske. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a jihohin arewa, tun wajen 2012, an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu rubuta sawun inda suka bi, ana ɗora sawun a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam. A nan aka ga rugage da ƙananan ƙauyuka da babu su a taswirar hannu da ake aiki da ita a da, aka kuma ga unguwannin da ake tsallakewa. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida sun yi aiki babba. Amma ya taimaka, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Yanzu ga masu ja. Na farko su ne masu cewa dattawa sun san iyakoki tun kafin a haifi mai na'ura, ga shingen aguwa, ga layin gamba, in ta yi zafi ga rantsuwa da Alƙur'ani gaban sarki. Gaskiya ne, kuma ni ban ce na'ura ta maye gurbinsu ba. Na'ura ba ta san gonar wane ba ce, inda aka tsayar da ita kawai take rubutawa. In an tsayar da ita kan ƙarya, ƙaryar za ta rubuta da lambobi masu kyau. Saboda haka bai kamata a yi awon iyaka ba sai maƙwabta duka suna tsaye, da maigari, da wakilin makiyaya, kowa ya ga inda aka dasa ƙafa. Amfanin na'urar shi ne adana abin da dattawan suka shaida, don dattawa suna tafiya, jikokinsu kuma da yawa sun tashi a ci-rani ba su san inda gawon yake ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ƙasa a karkararmu ba ta da mai ita guda ɗaya tak kamar babur. Gandu na gida ne, a cikinsa akwai gamanar mata da ta samari, akwai wanda aka ba aro shekara 30, akwai makiyayi da ke da hakkin kiwon kara bayan girbi. Idan fom ɗin cikin salula yana da gurbin suna ɗaya kawai, ranar da aka danna ajiye an share duk sauran. Mai kuɗin da ya iya ɗauko mai awo daga birni shi zai riga kowa samun takarda. Wannan tsoro na gaskiya ne. Amma dubi inda matsalar take: a cikin fom, kuma fom ɗin mutum ne ya tsara shi. Wanda ya tsara shi a ofis mai nisa bai san gamana ba. Sakataren hukumar filaye da ya iya QField zai iya ƙara gurbin mai aro, da na matar da ke noma gefen, da na hanyar dabbobi zuwa rijiya. Ke nan wannan hujja ma tana goyon bayan a koya wa mutanen wurin.

Ta uku maganar tsaro ce da sirri. A halin da wasu yankunanmu ke ciki, jerin lambobin rijiyoyi, rumbunan tsimi da gidajen masu gari ba abin watsawa ba ne. Na yarda. Hanya da kasuwa da makaranta ana iya sa su a OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da kowa ke iya gyarawa tun 2004. Sunan mai gona da girman gonarsa kuwa su tsaya a kundin hukumar filaye. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Abin mamaki shi ne a yanzu bayanan suna kwance a rumbunan intanet na ƙungiyoyin da wasunsu sun tattara sun bar ƙasar, mu masu wurin kuma ba mu da kwafi. Idan tsaro ake so, a fara tambayar wa ke riƙe da abin da aka riga aka auna.

Ta huɗu daga abokan aikina take fitowa: yara na zaune a ƙasa, babu tebur babu littafi, kai kana maganar tauraron ɗan'adam. Ina jin zafin wannan magana don ni ma cikinta nake. Amma a tuna gobarar azuzuwan zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021, da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, inda kowace ta ci ƙananan yara kimanin 20 ko fiye. An yi alkawarin maye gurbin zana da gini. Wa zai bi sawun alkawarin? Idan kowane mai duba makarantu yana da taswirar da ke nuna kowane aji, na zana ne ko na siminti, da hoto da ranar ɗauka, babu mai zuwa ya ce an gina abin da ba a gina ba. Ga kuma darasin kansa. Muna koya wa yara digiri da minti da faɗin murabba'i a kan allo, suna haddacewa suna mantawa. Fita da su filin ƙwallo su auna shi da igiya, sannan su auna da salula, su kwatanta, su nemi dalilin bambancin. Wannan darasin lissafi ne da labarin ƙasa a haɗe, kuma waya ɗaya ta malam ta isa.

Don haka ga kirana. Makarantun horar da malamai, irin su Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, Askiya Muhammad ta Damagaram, Kawusan ta Tawa da Mali Bero ta Doso, su ware ko da mako ɗaya ne don wannan: karanta lambobin wuri, haɗa na'ura da manhaja, duba inganci, fitar da taswira a takarda. Manhajojin kyauta ne, abin saye shi ne na'ura ƴan ƙalilan da farantin hasken rana na caji. Kowace hukumar filaye ta ƙaramar hukuma ta mallaki na'ura mai inganci guda ɗaya aƙalla, da mutum biyu da suka iya ta, don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada abin ya mutu cikin akwati. Cibiyar taswira ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, da Faransanci da harsunan gida: wane ma'auni, lamba nawa bayan ɗigo, kuskuren mita nawa ake karɓa ga rijiya, nawa ga iyakar gona.

Ga masu gari da hakimai kuma, Allah ya ja zamaninku, kuna da iko a nan fiye da yadda kuke zato. Duk wanda ya zo awo, kafin ya danna komai, a tambaye shi wa ya aiko shi, ina bayanan za su tafi, kuma yaushe za a kawo kwafi. A sa shi ya rubuta ya sa hannu. In taswirar ta zo, a kira taro a shimfiɗa ta a tabarma, manomi ya duba, makiyayi ya duba, mata su duba, a gyara abin da ya karkace tun ana raha. Kwafi ɗaya ya zauna wurin maigari, ɗaya a lakkol, ɗaya a ofishin magajin gari. Damina na zuwa kowace shekara, garke kuma zai gangaro kudu bayanta ko mun shirya ko ba mu shirya ba, gara ya tarar kowa ya san inda burtali ya fara da inda ya ƙare. Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka lafiya.